Ƙwayoyin Anti Galiema

Duk wanda ya taɓa yin tarin fuka a layinmu na unguwar Bonteheuwel ya san ƙofar Anti Galiema, ya kuma san ba a je mata da wasa. Ƙarfe shida da rabi na safe take buɗe ƙofar kicin ta jawo ɗan teburinta: jarkar ruwa, kofuna, da kwalin takalmi cike da korayen katuna, kowanne da sunan mai shi. Asibitin unguwa ne ya damƙa mata wannan aiki shekara goma sha huɗu da suka wuce. Kai dai ka zo, ta zuba maka ƙwayoyinka a tafin hannu, ka haɗiye a gabanta, ka buɗe baki, ka ɗaga harshe. Sai ta leƙa ta gamsu sannan ta ja maka layi a kati. Wata shida cur ana wannan, ko ana ruwa ko ana iskar nan tamu mai kwashe wa mutane shanya. Mutum nawa ta fizgo daga bakin kabari da taurin kan nan nata, Allah kaɗai ya sani. Har da ƙanin mijina a ciki, saboda haka ba daga bakina za a ji zaginta ba. Amma abin da ya faru ya faru.

"Boeta Dullah, ɗaga harshen."

"Haba Liema, jikoki bakwai fa gare ni."

"Jikokin ne za su yi maka tarin? Ɗaga."

Tsohon ya ɗaga yana ƙunƙuni. "Matata ma shekara arba'in ba ta taɓa leƙa bakina haka ba."

"Da ta leƙa da haƙoran ba su gudu sun bar ka ba. Sai gobe. Na gaba!"

Ta ƙarshe a layin kullum 'yarta ce, Faldiela, 'yar shekara goma sha bakwai, cikin kayan makaranta da suka yi mata yawa kamar na aro. Wata na bakwai ke nan tana miƙa hannu kamar kowa, don tibin hanji, wato tarin fukan da ke kama hanji, aka ce tana da shi da farko. Ta haɗiye manyan ƙwayoyi huɗu, ta buɗe baki. Uwar ta leƙa, ta ga gyambunan da suka feso mata a dasashi, ta yi kamar ba ta gani ba, ta ja layi. Idon Faldiela kuwa yana kan firij, inda wata takarda take kwance ƙarƙashin gwangwanin shayi yau kwana tara. Takardar tiyata ce. Likita ta ce wani yanki na hanjinta ya tsuke, in ba a yanke shi ba wata rana zai toshe gaba ɗaya. Ita Faldiela ta sa hannu tun a ranar. Layin ƙasa, na uwa, shi ne har yanzu fari fat, kuma in babu shi babu tiyata, don sai nan da wata biyar za ta cika sha takwas. Likita ta ce hanjin ba zai jira wata biyar ba.

In kana son ka gane Anti Galiema sai ka san Tauriq. Shi ne ɗanta na fari, yayan Faldiela, kuma tun rasuwar babansu shi ne namijin gidan. Dogo ne mai yawan dariya, ba shi da zance sai na jiragen kamun kifi, ya rantse yana gama makaranta teku za ta ɗauke shi. Yana sha tara ciki ya fara murɗa masa, ga gudawa ba ƙaƙƙautawa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Aka ce tibin hanji ne. Wa zai yi musu? A garin nan in mutum ya rame, ko makaho ya san sunan ciwon. Aka buɗe masa koren kati, ya shiga layin uwarsa. Wata tara yana haɗiyewa, wata tara yana ƙara lalacewa. Abin da ya tsaya wa uwar a rai shi ne, yana haɗiye ƙwayoyin sai ya ruga banɗaki ya kulle ƙofa. Ita da ta ga dabarun masu gudun magani iri-iri, sai ta yanke hukunci: yatsa yake zurawa yana amayar da su. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta tsaya a bakin banɗakin tana dukan ƙofa. Wata Laraba da hantsi hanjinsa ya fashe, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Shekara shida ke nan. Tun daga ranar duk wanda ya yi mata gardama a layi amsa ɗaya yake samu: "Ɗan cikina ma ya yi wa maganin nan wayo, je ka tambaye shi inda wayon ya kai shi."

Faldiela tana sha ɗaya a lokacin, kuma ta yarda da maganar uwarta yadda kowa ya yarda. Har haushinsa ta riƙa ji. Sai da nata cikin ya fara, ta haɗiye ƙwayoyin ranar farko da ruwan sanyi, ta ji ƙafafunta da kansu sun kwashe ta zuwa banɗaki, sannan ta gane abin da yake kai shi. Ta daɗe zaune a wurin, ba don ciwon kaɗai ba.

A babban asibiti aka ba su takardar, bayan an sake zura mata kyamara an duba hanjin karo na biyu. Dakta Mgidlana, wata siririyar mata mai magana ƙasa-ƙasa, ta juyo musu da hotunan.

"Anti, tibin hanji da wannan ciwon a hoto kamar an tsaga kara suke. A garin da tibi ya yi yawa irin namu, shi muke fara zargi. Mun ba ta magani wata shida, da shi ne da gyambon nan ya warke. Bai warke ba, ƙaruwa ya yi. Sunan abin da ke damunta ciwon Crohn. Ba ɗauka ta yi a wurin wani ba, ba kuma za ta shafa wa kowa ba. Jikinta ne yake faɗa da hanjinta. Ba ya rabuwa da mutum, amma ana zama da shi, a yi karatu, a yi aure, a tsufa. Maganin tibin ta daina shi daga yau."

"Ba a daina maganin tibi," in ji Anti Galiema.

"In tibin ne, gaskiyarki. Wannan ba shi ba ne." Likitar ta jawo biro. "Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a gida? Wani lokaci yana bin jini."

"Boeta na," in ji Faldiela, kafin ma ta yi tunani, tana nufin Tauriq, don mu nan Boeta muke ce wa yaya.

"Tibi ne ya kashe shi," uwar ta ce, "don ya ƙi magani."

Likitar ta tambayi shekarunsa, ta tambayi wata nawa ya yi yana sha, ta tambayi yadda ƙarshen ya zo. Faldiela ce take amsawa. Da ta gama likitar ta dai ajiye biron a hankali. Wallahi da ta yi magana da ya fi sauƙi. Anti Galiema ta miƙe ta saɓa jakarta, ta ce ta bar wanki a gida. Washegari da safe ta zuba wa Faldiela ƙwaya huɗu a hannu kamar ba a yi komai ba, ita kuma ta haɗiye.

Matan layi suka ce ai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, a yi mata uzuri. Kowacce kuma da nata maganin: wannan ta ce a ba yarinyar man habbatussauda, waccan ta ce baki ne, a kai ta wurin malam, wata ma cewa ta yi 'yan matan yanzu da gangan suke ƙin cin abinci don su yi siriri. Uzuri kam an yi, shawara ma an bayar har ta yi yawa. Amma ita yarinyar da me za ta rayu kafin uzurin ya ƙare?

Da dabara ta rayu. Ta san kowane banɗaki tsakanin gida da makaranta: na gidan mai, wanda sai ka roƙi makulli; na bayan masallaci, mai tsabta amma a kulle kafin azahar; na shagon wata Basomaliya da ba ta taɓa tambayarta komai ba. A tasi kujerar bakin ƙofa take zama, ko da za ta bar mota uku su wuce. A ƙasan jakarta, ƙarƙashin littafin lissafi, akwai leda da kayan canji da sabulu, da kuma sabon maganin da Dakta Mgidlana ta ba ta, wanda take sha a ɓoye a makaranta lokacin hutu. Ranar jarrabawa ba ta sa komai a baki sai an tashi. Tana da ɗan littafi da take rubuta abin da ta ci da abin da ya biyo baya: gyaɗa, a'a, gugguru, kada ma a fara, kabeji, kwana biyu a kwance, shinkafa mai laushi da kifi, lafiya lau. Likita ta ce abu mai ɓawo ko mai zare shi ne zai iya tsaya mata a wurin da ya tsuke. Bikin ƙawaye, fita bakin teku, wasan ƙwallon raga da a da ita ce gwanar ajinsu, duk ta sallama su ɗaya bayan ɗaya, har aka gaji da gayyatarta. Wannan ya yi mata ciwo fiye da yadda ta nuna.

Mutum ɗaya ce ta san duk wannan, ƙawarta Charné, wadda suke zama benci ɗaya, mai bakin da ba ya shiru ko a coci.

"Ranki ya daɗe, ministar banɗakuna, yau wane reshe za mu kai wa ziyara?"

"Allah ya shirye ki."

"Amin. Mamanki ta sa hannu?"

"Tukuna."

"To ni in sa mana. Na iya hannun Anti Liema, G ɗin nan nata mai ƙaton tumbi. Tun aji bakwai nake sa na uwata."

"Za su kira ta su tambaya."

"Sai in ɗauka in ce, 'Likita, ɗaga harshen!'"

Faldiela ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma wani abu daban. Charné ta karɓi jakarta ba tare da an ce mata ba, ta tsaya gadi a ƙofar banɗakin 'yan mata tana korar masu leƙe. In kuwa cikin ya yi ƙugi a aji, ƙugin nan mai tsawo kamar ruwa na sauka a bututu, Charné ce take buga tebur ta ce yunwa take ji, jama'a su yi haƙuri.

Ƙugin nan shi ya fi tsorata Faldiela, don ta san shi. Shi take ji a teburin cin abinci tana yarinya, daga kujerar da ke kusa da taga, Tauriq yana danne ciki da gwiwar hannu yana cewa jirginsa ne ya tayar da inji. Yanzu sautin ya dawo gidan, kuma daga jikinta yake fita. In ya tashi suna kicin sai ta ga bayan uwarta ya sandare a gaban murhu, ludayi ya tsaya cak a tukunya.

Ba sautin kaɗai ba. Da wandunanta suka fara zamewa ta buɗe akwatin kayansa ta ɗauki bel ɗinsa. Bayan ramukan da aka sayo shi da su akwai wasu uku da ya huda da kansa da ƙusa, ba su ma daidaita ba. A watan azumi tana na farko. Yanzu tana na biyu, shi ma ya fara yi mata sako-sako.

Sai kuma banɗakin gidan. Shekara shida ana shiga ana fita ba wanda ya lura, don abin can ƙasa yake, inda ba mai gani sai wanda ciwo ya naɗe har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Asabar ɗin da ta biyo bayan zuwansu asibiti, da rana tsaka, tana a haka gumi na ɗiga, ta ga lambobi da fensir a tsakankanin tayil, inda tsumma ba ya kaiwa. Ɗaya, biyu, uku, har tamanin da shida, sun bi layin ƙasa sun zagaya bayan ƙofa. A kusurwa ya zana kifi, da ɗan jirgi mai tuta. Ƙirga tayil yake yi kafin murɗar ta sake shi. Ita ma abin da take yi ke nan tun watanni, ba wanda ya koya mata, kuma daga kusurwar da ya fara take farawa. Ta sa yatsa a kan jirgin. Ta ji kamar yanzun nan ya tashi daga wurin, kamar in ta waiga za ta ga diddigensa. Ba tsoron fatalwa ba ne ya kama ta, mu nan mun san wanda ya tafi ya tafi. Abin da ya kama ta shi ne ta ga hanyar da ya bi a shimfiɗe a gabanta, taku bayan taku, ga ta a kai, kuma ta san inda hanyar ta ƙare. Ta ce a hankali, "Boeta, ka yafe min." Ta yi kuka mai yawa a ranar, da famfo a buɗe don kada a ji.

Rana ta goma ta kama Juma'a. Boeta Dullah ya ɗaga harshensa ya tafi, layi ya ƙare, uwar ta zuba mata ƙwayoyin. Faldiela ta dube su, ta juye su cikin kofi.

"Mami, ba zan sha ba."

"Me kika ce?"

"Likita ta ce in daina. Kwana tara ina sha don kada ranki ya ɓaci. Ba abin da suke yi min sai tashin zuciya."

"Haka yayanki ya fara. Maganar nan ita ya faɗa min, a nan inda kike tsaye."

"To ai gaskiya ya faɗa miki! Mami, Boeta yana sha. Ba amai yake zuwa yi ba, cikinsa ne yake kai shi, yadda nawa yake kai ni. Ki sa min hannu, don Allah don Annabi. Ba na son in bi shi."

Da marinta ta yi da ya fi. Anti Galiema ta tattara katunan ɗaya bayan ɗaya ta jera a kwali, ta rufe. "Shekara goma sha huɗu ina aikin nan, ban taɓa binne wanda ya sha maganinsa daidai ba. Yarinyar da aka haifa jiya, don ta rataya abin awo a wuya, ita ce za ta yanka min 'ya? Ba dai da hannuna ba." Ta ɗauki teburinta ta shige ciki.

Kwana biyu ba abin da ke haɗa su sai sallama. Ran Lahadi uwar ta tashi da girki, don ita abin da ba ta iya faɗa da baki da tukunya take faɗarsa. Ta dafa kabeji da naman rago har ƙamshi ya cika layi, ta zuba wa Faldiela faranti fal, ta ajiye a gabanta, ta zauna tana kallo. Kabeji! Yana nan a ɗan littafin, har layi biyu ta ja masa. Faldiela ta sani sarai. Amma ta ƙi maganin matar nan ran Juma'a, yau kuma ta ƙi abincinta? Wauta ce, ni ma na ce wauta ce, sai dai wa a cikinmu bai taɓa tura abin da ba ya so a ciki don uwarsa ta saki fuska ba? Ta tauna kowace loma har ta zama ruwa, ta ci rabi. Uwar ta ce, "Kin gani? Ci ne kawai ba kya yi."

Kafin la'asar cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Murɗar tana zuwa tana tafiya, kowacce ta fi ta baya, ƙugin kuwa har daga tsakar gida ana ji. Sai amai, kore shar. Daga nan ƙugin ya ɗauke ɗif, kuma shirun nan ne ya fitar da Anti Galiema waje ko ɗankwali babu, tana dukan ƙofar Boeta Dullah. Ta san shirun, shi ta ji ranar da Tauriq ya rasu. Tsohon ya fito da tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai an tura, mazan layi suka tura.

A asibiti aka sa mata roba ta hanci aka zuƙe abin da ya taru, aka ɗaura mata ruwa. Da hantsin Litinin ciwon ya lafa. Tana kwance a gadon da ke kusa da taga, leɓɓanta a bushe, uwar tana kan kujerar roba da kayan jiya a jikinta da gyalen aro. Dakta Mgidlana ta shigo da sabuwar takarda, irin waccan ta gida.

"Anti, wannan karon ya buɗe da kansa. Na gaba ban yi miki alkawari ba. In ya fashe, doka ta ba mu dama mu shiga da ita ko babu hannunki, amma a lokacin ba mu da zaɓi, ƙoƙarin ceto ne kawai. Yanzu kuwa aiki ne na awa biyu, mu cire wurin mu haɗa, mu ci gaba da magani. Gobe da safe akwai wuri."

Anti Galiema ba ta kalli takardar ba, bango take kallo.

"In na sa hannu a nan," ta ce, "na ce ba tibi ba ne ke nan."

"Nata ba tibi ba ne."

"Nasa fa?"

"Ban gan shi ba, Anti. Ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba."

"Ni na gan shi." Muryarta ba irin wadda muka sani ba ce. "Maganin nan yana rina mutum, likita, kin fi ni sani. Fitsari ya koma ruwan goro, gumi ma haka, har hawaye. Mai amayar da shi ba ya rinuwa, da haka nake kama masu yi min wayo. Ni nake wanke masa zanin gado. Ni nake wanke rigar matashinsa. Wata tara kullum da launin nan a jiki, har inda ya yi kuka ina gani." Ta ɗauke ido daga bangon. "Ya sha. Ko ɗaya bai zubar ba. Na sani tun yana da rai."

Faldiela ta juyo ta kalle ta. "Mami, kin sani? To me ya sa..."

"In ya sha kuma yana mutuwa, to me nake ba shi? Me nake ba mutane kullum da safe? Gara a ce shi ne mai laifin. Yaro ne mai haƙuri, na san zai ɗauka." Sai a nan hawayen suka zo, ba ta ma share ba. "Na tsaya a ƙofar banɗaki ina ce masa maƙaryaci, yana ciki yana cewa, 'Mami, yi haƙuri, ina fitowa.' Ya mutu ma ban bar shi ya huta ba. Shekara shida ina tallan sunansa a bakin ƙofa."

"Ba ke kika rubuta masa maganin ba, Anti," in ji likitar. "Mutanen layinki kuma tibi gare su, kuma sun warke a hannunki."

"Ba ni na rubuta ba. Ni na ƙi ji."

Faldiela ta so ta yi ihu, robar hanci ta hana ta. Shekara shida tana jin haushin yayanta a kan maganar matar nan, ashe ita mai maganar ta san ƙarya ce. Ta ji tana ƙin uwarta, ta kuma ji ba ta taɓa tausayinta irin na yau ba, abu biyun suka cushe mata a ƙirji ba wanda ya ba wani hanya. Ba ta ce ta yafe ba, don ba ita ce mai yafewar ba.

Anti Galiema ta miƙa hannu a ba ta biro. Ta ɗora takardar a gwiwa ta rubuta sunanta cikakke, a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai koyon rubutu. Likitar ta karɓa, ta ce kada a ba Faldiela komai ta baki har goben, ta ja labule ta fita.

Ana jin ƙarar keken abinci da ake turawa a baranda. Can uwar ta jawo kujerar dab da gado. Wata bakwai tana ba yarinyar nan magani, tana yi mata faɗan ci, tana wanke mata kaya, amma akwai tambayar da ba ta taɓa yi mata ba.

"Ina ne yake miki ciwon? Nuna min."

Faldiela ta kama hannun uwar, mai kaushi, mai sanyi, ta ɗora a ƙasan cibiyarta ta ɓangaren dama, ta ɗan danna.

Anti Galiema ta rufe ido. "Nan ne," ta ce. "Nan yake nuna min."

Ba ta ɗauke hannun ba har nas ta zo canja ruwa.